A Nuna Mana Uwar Tukuna

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kara sayen ragon Layya ya san yadda ake yi. Sai an buɗe bakin rago an duba haƙora, an shafa gadon bayansa, an kora shi ya yi 'yar tafiya don a ga ko yana ɗingishi, sa'an nan a shiga maganar kuɗi da la'adar dillali. Abin mamaki, ɗan wannan dattijo ne, bayan ya sami digiri ya kama aikin gwamnati ko ya tafi Ingila ƙaro ilmi, zai ga hoton kwikwiyo a wayarsa da dare, kafin gari ya waye ya aika da kuɗin kafin alƙalami ga mutumin da bai taɓa sa wa ido ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma a kansa muke so mu yi magana.

Mun sani wasu 'yan'uwa za su ce ina ruwan mujallar ɗalibai da kare. A ƙasar Hausa kare na gadi ne da farauta, wurinsa ƙofar gida ko bayan mafarauci, ba mu kuwa zo don mu yi gardama a kan wannan ba. Amma gaskiyar magana ita ce akwai waɗanda ke saye daga cikinmu, a Landan da Abuja da Legas, kuma kuɗin da suke biya yana zuwa wani wuri yana raya wata sana'a. Tambayar ita ce, wace sana'a?

Mu ɗauki ƙaramin pudul, wanda ake yawan nema saboda kaifin basirarsa da kuma gashinsa mai murɗe-murɗe da ba ya cika zuba a ɗaki. Asalin pudul karen mafarauta ne mai ɗauko agwagwar da aka harbo daga cikin ruwa. Sunan ya samo asali daga kalmar Jamusanci mai nufin fantsama ruwa, Faransawa kuma sun raɗa masa suna daga sunan agwagwa. Daga baya aka yi ta zaɓen ƙanana ana haɗa su har aka sami ƙaramin iri, wanda bisa ma'aunin ƙungiyar Kennel Club ta Ingila, da aka kafa a 1873, tsayinsa a kafaɗa yana tsakanin santimita 28 da 38. Yakan rayu shekara 12 zuwa 15, gashinsa kuma ba ya daina tsiro, sai an riƙa yi masa aski kusan kowane wata biyu. Watau wanda ya saye shi a shekarar da ya gama jami'a yana iya kasancewa tare da shi har ɗansa na fari ya shiga sakandare. Abin da zai zauna da mutum haka bai cancanci a saye shi cikin dare ɗaya ba.

To, inda ake rububin abu, nan 'yan kasuwar banza ke kafa bukka. A Ingila da Amurka akwai abin da suke kira gonar kwiyakwiyai: rumfuna cike da keji, inda ake tsare karya tana haihuwa ɗaya bayan ɗaya har ƙarfinta ya ƙare, ana ɗauke 'ya'yan tun ba su isa yaye ba a kai wa dillalai. A 2013 aka ceto wata karya mai suna Lucy daga irin wannan gona a Wales, ƙashin bayanta ya lanƙwashe saboda zaman keji, tana kuma fama da farfaɗiya. Ta mutu a 2016, amma labarinta ya tayar da jama'a har aka yi doka da sunanta. Tun daga watan Afrilu na 2020, a Ingila ba a yarda dillali ko mai kanti ya sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Dole mai saye ya je wurin wanda ya kiwata shi, ko gidan da ake tsugunar da dabbobin da aka yasar. Jihar Kalifoniya ta hana kantuna irin wannan ciniki tun 2019, Faransa ma ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kanti daga farkon 2024.

A lura da abin da dokar Ingila ta riƙe. Tun 2018 ta wajabta wa mai kiwo mai lasisi ya nuna kwikwiyo tare da uwarsa, kada kuma ya sayar da shi kafin ya cika mako takwas. Hikimar a fili take. Ana iya wanke kwikwiyo a taje shi a ɗauki hotonsa a kan matashi mai kyau, amma uwar da aka wahalar ba ta ɓoyuwa. Jikinta da tsoron da take yi wa mutane za su faɗi abin da mai ita ya ƙi faɗi.

Ganin uwa kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne ɗalibin da ya zauna a ajin kimiyyar halittu ba shi da uzuri. Ƙaramin pudul yana da wani ciwon ido na gado wanda ke cinye tantanin gani a hankali. Yakan soma da dundumi sa'ad da kare ya kai shekara uku zuwa biyar, ya ƙare da makanta, babu kuwa magani. Ciwon ba ya bayyana sai kwikwiyo ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar halittar daga uwa da uba duka. Saboda haka iyaye biyu masu gani garau, in kowannensu yana ɗauke da ita a ɓoye, kowane ɗa da suka haifa yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na makancewa, daidai da lissafin da muka sani na ciwon sikila. Masu bincike sun gano ƙwayar tun 2006, gwajinta kuma ba ya buƙatar fiye da ɗan jini ko shafar cikin kumatu. Mai kiwon kirki yana gwada iyayen kafin ya haɗa su, yana kuma sa likitan dabbobi ya duba ƙoƙon gwiwarsu, domin gocewarsa ta zama ruwan dare a ƙananan karnuka. Zai miƙo sakamakon tun ba a tambaya ba. Wanda ya ce karnukansa lafiyarsu ƙalau, ai ga su ana gani, ko dai jahili ne ko macuci, kuma ga kwikwiyon da zai makance duk ɗaya ne.

Kada takardar asali ta ruɗe mu, mu da muka saba girmama duk abin da aka buga wa hatimi. Rajistar ƙungiya tana shaida sunayen iyaye da kakanni ne kawai. Gaskiya ne Kennel Club ba ta karɓar rajistar fiye da haihuwa huɗu daga karya guda, wannan kuwa abin yabo ne, amma takardar ba ta shiga rumfa ta ga yadda ake kwana. A 2008 gidan BBC ya nuna wani shiri da ya tona yadda auratayya ta kusa tsakanin karnuka masu cikakkiyar takarda ta haifar da nakasa iri-iri.

Akwai wata alama da mu a ganinmu ta fi takarda ƙarfi: mai kiwon kirki yana da wuyar sha'ani. Zai tambaye ka inda kake zaune, awa nawa kake yi a ofis, wa zai kula da karen in an yi maka canjin wurin aiki. Zai ce ka jira wata shida ko fiye, don ba kullum yake da 'ya'ya a ƙasa ba. Zai rubuta cewa in ka gaza, ka mayar masa. Macuci kuwa sauƙin kai gare shi kamar me. Yana da kowane launi a kowane lokaci, yana da iri biyar ko shida, zai kawo maka har gida ko ku haɗu a gidan mai, uwar kuma kullum "an kai ta asibiti". Wasu ma sukan ari gida da wata karya dabam don ranar ciniki, shi ya sa ya kamata a je fiye da sau ɗaya, a ga ko 'ya'yan sun san ta, ita ma ta san su.

Za a ce mana, idan mutum ya tarar da kwikwiyo a cikin ƙazanta, ba tausayi ba ne ya saye shi ya cece shi? Mun fahimci zuciyar mai wannan magana, amma ba mu yarda ba. Kuɗin da ya biya shi ne jarin haihuwa ta gaba, kejin da ya rage kuma za a cika shi kafin wata ya mutu. Abin yi shi ne a juya a kai ƙara wurin hukuma.

A nan gida kuma akwai ƙarin haɗari da mutumin Landan bai damu da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta hanyar cizon kare. Kwikwiyon da ake ɗagawa a gefen titi a cunkoson motocin Legas ko Abuja, ba wanda ya san uwarsa balle rigakafinta. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924, muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Wanda ya ƙudura sayen kare a cikinmu ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan likitoci ya raka shi gidan mai kiwo, ya duba katin allurar uwar, ya kuma rubuta masa ranar da za a yi wa kwikwiyon tasa allurar idan ya cika wata uku.