Sabon Birni da Isa: Gari Ya Cika, Kasuwa Ta Rame

Duk wanda ya shiga Sabon Birni ko Isa a 'yan shekarun nan zai ga jama'a fiye da yadda ya saba gani. Zauruka cike da baƙi, kangaye an kafe musu buhu da tabarma sun zama ɗakuna, yara birjik a bakin tasha. Baƙon ido zai ce gari ya bunƙasa. 'Yan gari kuwa sun san waɗannan manoma ne da iyalansu da suka baro gonaki da rumbuna a ƙauyuka, suka shigo neman inda za su kwana da ido biyu a rufe. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da hukumomi za su daina kallon cunkoson hedikwatar ƙaramar hukuma a matsayin alamar cewa rayuwa ta dawo.

A manyan biranen duniya ana ta muhawara kan yadda za a farfaɗo da tsakiyar gari. Bayan annobar korona, ofisoshi a biranen Amurka da Turai sun zama wayam, ma'aikata suka koma aiki daga gidajensu na bayan gari, hukumomi kuma suka shiga shirya bukukuwa da kasuwannin Asabar da Lahadi don jawo mutane su dawo. Ko a Abuja da Kano, maganar ƙarshen mako maganar mai albashi ce. A ƙasar Gobir mako bai taɓa juyawa a kan Asabar da Lahadi ba. Yana juyawa ne a kan rana biyu: ranar kasuwa da ranar Juma'a. A waɗannan ranakun ne ƙauye ke shigowa gari, gari kuma ya san yana da rai.

Ya kamata a tuna yadda abin yake, don masu tsara manufofi daga Sakkwato da Abuja da yawansu ba su taɓa yini a irin wannan kasuwa ba. Tun da hantsi hanyoyi ke cika da jakuna da amalanke da 'yan kabu-kabu. Manomi ya zo da 'yan kwanonin gero ko wake, ya sayar, ya sayi gishiri da kanwa da manja da maganin yaro. Mai jar akuya ya miƙa ta ga dillali a kara, su yi ciniki a asirce, a sallama, kowa ya karɓi nasa. Matan Fulani su jera ƙorensu na nono, masu fura su zauna kusa da su, don sana'ar ɗaya ba ta tafiya sai da ta ɗayar. Mahauci ya yi yanka da yawa saboda ya san yau akwai masu saye. Tela da maƙeri da wanzami da mai gyaran waya, abin da suka samu a wannan yini shi ke riƙe su har wani makon. Bashi ma a kan ranar kasuwa ake ƙulla shi: karɓi yau, ka biya kasuwa mai zuwa. A nan ake jin wanda ya rasu da wanda ya haihu, a nan ake isar da goron gayyata, a nan dattawan garuruwa biyu ke kashe rigimar da ba ta kai gaban alƙali ba. Da yamma samari su tsaya wurin mai tsire ko dandalin dambe, sannan kowa ya kama hanyar gida, wani ma sai bayan isha.

Kasuwannin kuma a sarƙe suke da juna. Shinkafi tana ci ranar Alhamis, Acida ranar Laraba, Goronyo da Illela ranar Lahadi, Maraɗi Litinin da Juma'a. Ɗan kasuwa ɗaya yakan zagaya su a mako, ya sari kaya a nan ya sauke a can. In aka tsinke hanya ɗaya, duk zagayen ya ji a jikinsa.

Gudu zuwa birni ba baƙon abu ba ne a tarihin wannan ƙasa. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya ɗaya daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Garuruwa ne da aka gina cikin zamanin yaƙi, kuma magabata sun san amfanin ganuwa. Sai dai birnin Hausa na da yakan kewaye har da fili na noma da ruwa a cikin ganuwarsa, domin in ƙauyawa sun shigo a samu abin ci, in ƙura ta lafa su koma. Garin yau ba shi da wannan tanadi. Manomin da ya shigo Isa ko Sabon Birni ya rabu da gonarsa gaba ɗaya, ya tashi daga mai kawo hatsi kasuwa ya koma mai neman a auna masa.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu na Zamfara da Katsina suka fara tsallakawa jihar Maraɗi, har Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A ƙarshen watan Mayun 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Oktoban 2021 aka afka wa kasuwar Unguwar Lalle, bayan kisan da 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa. Ranar Lahadi 17 ga wannan watan aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnatin jiha da kanta ta ce mutum 43 suka mutu. A farkon Disamba aka ƙone mota da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa, mutanen da suka baro gida ne don neman tsira. A lura da wuraren: kasuwa, kasuwa, kasuwa, hanya. Inda jama'a ke haɗuwa da abin da ke haɗa su, nan aka fi kai wa hari.

Martanin hukuma a lokacin ya ƙara wa Borno dawaki. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. Ba mu shakkar niyyar da aka yi abin da ita, an so a toshe wa ɓarayin daji hanyar abinci da mai da labari. Amma akuya ita ce asusun talaka, musamman mace. Wanda aka hana shi sayar da ita an hana shi kuɗin asibiti. Wanda aka katse wa waya ba shi da yadda zai yi ya sanar da maƙwabcin gari cewa ga mahara nan tafe. Masu bindiga suka koma amfani da layin Nijar da kasuwannin tsallaken iyaka, talaka ya zauna da asararsa.

Abin da ya faru a garin Gangara bayan wannan shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. A watan Nuwamban 2021 jaridu suka ruwaito cewa yaran ƙasurgumin ɗan bindiga Bello Turji sun tara mutanen garin, sun ture mai gari sun naɗa nasu. 'Yan sanda sun musanta. Amma cikin abin da mazauna suka shaida wa manema labarai akwai cewa sabon mai ikon ya ce a buɗe masallatan Juma'a, a ci kasuwa, a koma gona, bisa sharaɗin a riƙa biyan haraji kuma kada jami'in tsaro ya shigo. Wannan labari ya kamata ya hana duk mai riƙe da muƙami barci. Ɗan ta'adda ya gane abin da gwamnati ta kasa ganewa, cewa a idon talakan karkara mai mulki shi ne wanda da izininsa ake cin kasuwa kuma ake tsayar da Juma'a. Gwamnati ta rufe, shi ya buɗe, ya kuma sa farashi. Mutanen da suka biya ba ƙaunarsa suke yi ba. Suna da 'ya'ya ne, damina kuma ba ta jira. Harajin noma da na girbi ya zama abin da ake tarawa gida-gida a ƙauyuka da dama na gabashin Sakkwato, kuma kowace naira da aka tara ta wannan hanya an cire ta ne daga cinikin da da za a yi a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa.

Akwai kuma wata ƙaura ta biyu da ba a cika maganarta ba. Yayin da ɗan ƙauye ke shigowa gari, mai hali na cikin gari yana ficewa. Babban ɗan kasuwa da ya san shi ake nema don kuɗin fansa ya kwashe iyalinsa zuwa Sakkwato ko Kano ko Maraɗi. Ma'aikacin asibiti da malamin makaranta suna neman canjin wurin aiki. Sababbin unguwannin bayan garin Sakkwato, irin su Arkilla da Bado da Mabera, suna ta faɗaɗa, kuma wani ɓangare na jarin da ke gina su daga irin waɗannan garuruwa ya taso. Sai gari ya cika da masu buƙata, ya rasa masu ba da bashi da masu ɗaukar aiki. Ba mu zargin wanda ya gudu da ransa. Bayan abin da ya sami Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato a watan Yulin 2024 kuma ya rasu a hannun masu garkuwa da shi a watan Agusta, wa zai ce wa wani ya zauna?

Wanda muke zargi shi ne mai riƙe da amanar jama'a da ya mayar da ƙaramar hukumarsa wurin ziyara. Ciyaman ko kansila ko darakta da ke zaune a babban birnin jiha, ya leƙo sakatariya in an yi albashi, ya juya kafin la'asar, ba zai san ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kasuwanni da tashoshin mota kuwa tun asali aikin ƙaramar hukuma ne a tsarin mulki. In kuɗin ya iso, jama'a na da haƙƙin ganin sa a rumfuna da rijiyar kara da magudanar ruwa. In bai iso ba, a fito a faɗa wa mutane wanda ya riƙe shi.

Gwamnatin Gwamna Ahmed Aliyu ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, sojoji kuma suna aiki a yankin ƙarƙashin rundunar Fansan Yamma. Muna yaba wa duk jami'in da ke kwana a daji domin wasu su kwana a gida, da yawansu sun ba da rayukansu. Roƙonmu shi ne a tsara aikin bisa makon mutanen wurin. An san ranar kowace kasuwa, an san hanyoyin da ake bi a zo ta, an san lokacin fitowa da na komawa. Sintiri a kan waɗannan hanyoyi a waɗannan sa'o'i, mako bayan mako ba fashi, zai fi amfani ga mutumin Gangara da Gatawa da Kurawa fiye da jerin gwanon motoci da ke zuwa rana ɗaya da 'yan jarida. Hanyar Gundumi zuwa Isa, da wadda ta haɗa Isa da Sabon Birni, da ta Sabon Birni zuwa Goronyo, su ne jijiyoyin yankin, kuma tsaronsu bai kamata ya dogara da ziyarar minista ba.

Wani abu mai ɗaci, amma dole a faɗe shi. Kasuwar da Bafulatani marar laifi ke tsoron shiga ba ta farfaɗo ba, ko da ta cika maƙil. Kisan Mamande da ramuwar da ta biyo baya sun nuna inda hukuncin kan titi ke kai mutane. Makiyayin da aka hana shi kasuwa an tura shi hannun waɗanda ke cikin daji ne, ya sayi hatsi ta wurinsu, ya sayar da saniya ta wurinsu. Sarakuna da limamai da shugabannin kara da arɗo-arɗo su ne za su iya tsayawa su lamunci kowa, hukuma kuma ta hukunta mai laifi da sunansa, ko ɗan bindiga ne ko ɗan sa-kai ko mai kai musu bayani daga cikin gari.

Iyaka ma tana cikin lissafi. Turawa ne suka raba Gobir biyu, Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila, amma aure da ciniki ba su rabu ba. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk a kan ƙaramin ɗan kasuwa suka ƙare. Saɓanin Abuja da Yamai bai kamata ya hana hukumomin Sakkwato da na Maraɗi zama kan tsaron hanyoyin kasuwa ba.

Kafin a kai ga komawar mutane gida, waɗanda ke cikin gari yanzu suna buƙatar a san da zamansu. A ƙidaya su, a rubuta garin da kowa ya fito, a ba su aron fili a fadamun da ke kusa da gari don noman rani, a buɗe wa 'ya'yansu aji. Sannan muna kira ga majalisar dokokin jihar Sakkwato ta buƙaci shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su riƙa gabatar mata da rahoto duk wata uku: kasuwanni nawa ke ci, nawa suka mutu, ƙauyuka nawa ake tsayar da Juma'a, nawa ke biyan haraji ga 'yan bindiga. A karanta rahoton a zauren majalisa, a kuma watsa shi da Hausa a gidan rediyon Rima domin mutanen da ake magana a kansu su ji, su gaskata ko su ƙaryata.