Fim ɗin ɗan golf da darasin da ke ciki ga ’yan kasuwarmu

Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce ina ruwan mai sayar da albasa a Adjamé ko mai goro a Treichville da wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasan masu hannu da shuni. Haka ne, to amma finafinan da Turawa suka yi kan rayuwar gwanayen wannan wasa, kusan dukkansu labarin ɗan dako ne.

Mu ɗauki fim ɗin Follow the Sun na 1951, inda Glenn Ford ya fito a matsayin Ben Hogan. Shi Hogan maraya ne, yana ɗan shekara 11 ya fara ɗaukar wa attajirai jakar sandunan wasa a garin Fort Worth na Amurka. Bayan ya shahara, a watan Fabrairun 1949 wata babbar bas ta yi taho mu gama da motarsa, ya kifa jikinsa kan matarsa don ya kare ta, ya kakkarye har ana tsoron ba zai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Wata 16 bayan haka ya ci babbar gasar Amurka ta 1950. Haka nan fim ɗin The Greatest Game Ever Played na 2005 ya kawo labarin Francis Ouimet, ɗan talaka kuma tsohon mai ɗaukar jaka, wanda a 1913 yana ɗan shekara 20 ya kayar da Harry Vardon, gwanin Ingila, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara.

To jama’a, wane Alhaji ne a Adjamé bai san irin wannan labari ba? Nawa ne daga cikin manyanmu suka sauka a Abijan da ’yar jaka ɗaya, suka yi dako, suka yi yaron shago, suka kwana kan buhuna, yau ga shi suna loda tireloli zuwa Maraɗi da Kano? Bambancin kawai shi ne su an ɗauki nasu a fim, mu kuwa namu yana ƙarewa a hirar zaman makoki.

Sai dai akwai wani abin lura. A shekarar da aka yi wa Hogan fim, ƙungiyar ƙwararrun ’yan golf ta Amurka tana da dokar cewa farar fata kaɗai ke shiga, ba a soke ta ba sai a 1961, shekarar da baƙar fata Charlie Sifford ya samu shiga. A Afirka ta Kudu kuwa, Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya, ya ci gasar Natal a 1963 da 1965, har aka taɓa miƙa masa kofinsa a waje cikin ruwan sama saboda dokar wariya ta hana shi shiga zauren. Masu finafinan Amurka na wancan zamani ba su waiwayi waɗannan ba. Ashe ke nan wanda ya zuba kuɗi a fim, shi ke zaɓar wanda duniya za ta tuna.

Kada wani ya ce labarin baƙo ɗan ci-rani ba ya karɓuwa, domin a nan Treichville aka gwada. A 1958 Bafaranshe Jean Rouch ya fitar da fim ɗin Moi, un noir kan samarin Nijar masu neman abinci a wannan unguwa, fim ɗin ya ci lambar yabo ta Louis Delluc a Faransa. Tauraronsa Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Ganda bai tsaya jiran Bature ba, ya koma Yamai ya shirya Cabascabo daga abin da ya gani lokacin da yake soja a Indochine, sannan a 1972 ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu. Idan ɗan dako ya iya, mene ne uzurin masu shaguna?

Wani zai ce kasuwa ta tsaya, kuɗin kwastan da na hanya sun ishe mu, ina muka ga rarar yin fim? Maganarsa abin dubawa ce. Amma yau wayar da ke aljihun kowane yaron shago tana ɗaukar hoto da murya. Matakin farko bai wuce ƙungiyoyinmu na masu goro da masu albasa da masu shanu su sa matasa su zauna da dattawan da suka rage ba, a tambaye su yadda aka ɗauki goron Anyama zuwa arewa, da yadda albasar Galmi ta kama kasuwar Abijan, da yadda aka riƙa ba da kaya bashi bisa amana ba tare da takarda ba. Daga nan sai a nemi masu shirya finafinai na Kano, waɗanda suka daɗe suna ba mu labarin soyayya, a ce ga labari ga gudummawa. Ko Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gana kafin rasuwarsa a 1955, rayuwarsa ta isa a yi mata fim mai tsawo.

Sharaɗi ɗaya ne: a faɗi gaskiya. A nuna karayar jari da bashi da kwanan tasha, kamar yadda aka nuna Hogan kwance a gadon asibiti, domin yaron da ke dako yau ya ga cewa ubangidansa ma ta nan ya bi. Dattawan nan kullum raguwa suke yi, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa shugabannin kasuwanninmu su ji.