Uzurin mai dukan gawa

Ranar Talata, a motar haya daga Gusau zuwa Tsafe, wani dattijo riƙe da carbi ya ce wa fasinjoji game da 'yan bindiga, "Ai su ma an zalunce su, 'yan sa-kai ne suka fara." Mai wannan shafi bai tanka ba, amma maganar ta tsaya masa a rai har yau.

Sinawa na da karin magana, dao xing ni shi, wato tafiya da baya da yin abu a juye, da suke jifan wanda ya take doka da gangan. Masanin tarihi Sima Qian ya kawo asalinta. A shekara ta 522 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Ping na ƙasar Chu ya kashe mahaifin Wu Zixu da yayansa bisa ƙazafi. Zixu ya tsere. Bayan shekara 16 ya dawo da rundunar wata ƙasa, suka ci Ying, babban birnin Chu. Sarkin ya riga ya mutu, sai Zixu ya sa aka tone kabarinsa, ya tsula wa gawar bulala 300. Da tsohon amininsa Shen Baoxu ya aiko masa cewa ya wuce gona da iri, Zixu ya kafa hujja da cewa rana ta yi masa ƙasa, tafiya kuma da saura, shi ya sa yake tafiya da baya yana yin abu a juye. Sinawa ba su musanta an cuce shi ba. Duk da haka uzurin nasa ne ya zame musu kalmar tir.

A nan gida, gaskiya ne an kashe makiyaya a kasuwanni ba shari'a. Amma Zixu, ko ba komai, gawar wanda ya cuce shi ya daka. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kwashe daga Sabon Gida, yankin Bungudu, a Satumban 2023, shanun wa suka kora? Manomin Tsafe da sai ya biya kuɗi kafin ya yanke geronsa, uban wa ya kashe?

Wannan cin kare ne ba babbaka, kuma masu nema musu uzuri suna taya su hura wuta. Irin wannan lallashin ne ya kai ga naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji a Yulin 2022, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Abin kunya ne, kuma wannan shafi ba zai gaji da tuna shi ba.

Dattijon ya sauka a Kwatarkwashi. Direba ya ƙara wuta, yana duban rana.