Zuwa da Kai Ya Fi Aike: Magana ga Iyayen Yara da ke Kudu

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kudu ya san Zuba, ko da bai taɓa kwana cikinta ba. Nan ne hanyar da ta taso daga Kano da Zariya da Kaduna take wuce Dutsen Zuma ta rabu: ɗaya ta shiga birnin Abuja, ɗaya kuwa ta miƙe ta Gwagwalada da Abaji har Lakwaja, daga can kowa ya kama gabansa, mai zuwa Ikko ko Badun ya yi yamma, mai zuwa Anaca ko Fatakwal ya ci gaba da gangarawa. Motocin shanu da na albasa da na tumatir duk ta nan suke bi, kasuwar 'ya'yan itace ta garin kuma ta yi suna a ƙasar nan. Har ila yau a Zuba ne Kwalejin Horon Malamai ta Birnin Tarayya take, inda ake koya wa samari da 'yan mata aikin koyarwa.

To, a wannan gari da ake horar da malamai, da sauran garuruwan ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya, makarantun firamare na gwamnati sun zauna a rufe daga watan Maris har zuwa watan Yuli na shekarar da ba a manta ba, watau 2025. Malamai sun yi yajin aiki fiye da wata 3 sabo da ƙananan hukumomi, waɗanda nauyin albashinsu ke wuyansu, ba su biya su mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, ga kuma basussukan da suka taru a baya. Sai da Ministan Birnin Tarayya ya sa baki, aka yanke shawarar a cire daga kuɗin shigar ƙananan hukumomin a biya, sa'an nan aka buɗe azuzuwa. Kusan zangon karatu guda ya salwanta. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi, karatunsu bai tsaya ko yini ɗaya ba. Waɗanda suka zauna gida 'ya'yan direba ne, da ɗan dako, da mai tireda, da ɗan ci-rani wanda ya ajiye iyalinsa a Zuba ya wuce Kudu nema.

Laifin shugabannin ƙananan hukumomi a fili yake, ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ya hana ma'aikaci hakkinsa ya yi zalunci, wanda kuma ya jawo aka rufe wa yaro makaranta ya yi zalunci biyu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muryar da aka fi ji cikin watannin nan ta ƙungiyar malamai ce da ta 'yan ƙwadago. Ina iyayen yara? Da a ce kasuwar Zuba aka rufe, ko tashar mota, ko aka tare hanyar Lakwaja na kwana 3 kacal, da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi sun cika ofisoshin hukuma tun kafin rana ta take, da mu da ke Ikko ma mun ji a jikinmu, mun yi ta buga waya. Ashe kwandon lemo ya fi ɗan da muka haifa daraja a wurinmu ke nan?

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan kasuwa suna da ƙungiya mai rai, suna biyan kuɗinta, suna zuwa taronta, sun san shugabanta da sunansa. Iyayen yara kuwa suna da Ƙungiyar Iyaye da Malamai a takarda, amma ranar taro sai ka tarar da benci ya fi mutane yawa. Uba yana Agege ko Sabo ta Badun ko kasuwar shanu ta Lokpanta, ya aiko da kuɗin littafi da na riga, ya ɗauka ya sauke nauyi. Bai san ajin da ɗansa yake ba, bai san sunan malaminsa ba, bai taɓa buɗe takardar sakamakon jarrabawa ya duba ba. Wanda ma 'ya'yan nasa suke tare da shi a Kudu bai fi wancan ba: makaranta tana bayan gidansa, amma sai ya ce shi baƙo ne, taron 'yan gari ne, ba ya jin Yarbanci ko Turanci. Mutumin da yake cinikin saniya da Bayarabe har su daidaita ba tare da tafinta ba, shi ne zai ce harshe ya hana shi tambayar ko ɗansa ya iya karatu!

Ku dubi mutanen da kuke zaune cikinsu. Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta soma ilmin firamare kyauta tun 1955, amma kafin gwamnati ta motsa jama'a sun riga sun motsa. A 1923 waɗansu samarin Musulmi na Ikko suka kafa jam'iyyar Ansar-ud-Deen, don sun ga akasarin makarantun da ke akwai na mishan ne, su kuwa suna son 'ya'yansu su sami ilmin zamani ba tare da sun bar addininsu ba. Da karo-karon kuɗinsu suka gina makarantu, ga su nan har yau a garuruwan Yarabawa. Inyamurai da suka zo ci-rani Arewa kafin yaƙin basasa, su ma baƙi ne kamar yadda kuke baƙi yanzu, amma ƙungiyarsu ta gina wa 'ya'yansu makarantu a Sabon Garin Kano. Mu kuwa an yanka mana unguwar Sabo a Badun tun 1916. Fiye da shekara 100 ke nan muna saye da sayarwa, goro ya hau, shanu su gangaro. Mun gina masallatai, madalla. Mun naɗa sarakunan Hausawa a kowane gari. Sai mu tambayi kanmu tsakani da Allah, likita nawa, lauya nawa, injiniya nawa zangunanmu suka fitar, in an gwada da yawanmu da dukiyar da ta ratsa hannunmu?

Kada wani ya ce haɗa kai don ilmi baƙon abu ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta shirya 'Yan Taru tun ƙarni na 19, tana tura jajjis ƙauyuka suna koyar da mata a gidajensu. A makarantar allo uba da kansa yake kai ɗansa wurin malam, ya san shi, ya kai masa kuɗin Laraba, ranar sauka kuma unguwa duka ta taru. Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, a shekarun 1950 kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, dattawa masu furfura suka zauna gindin bishiya suna koyon baƙi da wasali. Makarantar boko kaɗai muka mai da marainiya, muka ce ta gwamnati ce, kamar yadda kakanninmu suka ce ta En'e ce.

Wannan magana ta "aikin gwamnati ne" ita ce babbar hujjar masu ƙin zuwa taro, sabo da haka bari mu auna ta. Gaskiya ne gina aji da biyan malami aikin gwamnati ne. A 1976 aka soma shirin UPE na ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta ce karatun shekara 9, watau firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabon kafin ta karɓa. To, duk da haka asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu kuwa 'ya'yanmu ne na Arewa. Ke nan doka da kuɗi ba su wadatar ba in babu mai tsaro. Gona ko ta sarki ce, in ba mai korar tsuntsu, buhu ba ya cika. Ita kanta dokar ba ta bar uba a baya ba: wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta za a yi masa gargaɗi da farko, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, in ya kuma tarar Naira 5,000 ko wata 2.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Iyaye da yawa suna cewa ba a kiran taro sai in za a sanya kuɗi: kuɗin alli, kuɗin tsintsiya, kuɗin jarrabawa, kuɗin da ba a san inda ya shiga ba. Wannan kuka gaskiya ne a makarantu masu yawa, kuma muna faɗa wa duk hedimastan da ya mai da ƙungiyar iyaye asusun kansa cewa dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki, ta kuma tanadi tara har Naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Amma wa ya ba shi dama? Taron da mutum 10 suka halarta cikin iyaye 500, shi ne taron da ake yanke abin da aka ga dama. In an cika ɗaki, aka zaɓi ma'aji daga cikin iyaye, aka ce a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kafin a sa wani sabon kuɗi, ɓarawo ba zai ji daɗin zama ba. Ƙauracewa taro ita ce kyautar da macuci yake nema daga gare ku.

Ban da wannan ƙungiya, akwai Kwamitin Kula da Makaranta wanda gwamnati ta amince a kafa a kowace makarantar firamare. Cikinsa akwai hedimasta, da wakilin sarki ko mai unguwa, da wakilan mata, da na tsofaffin ɗalibai, da na malaman addini, da na masu sana'a, har da wakilan yara. Aikinsa ya duba zuwan malamai da na yara, ya san abin da makaranta ta rasa, ya kai kuka gaban hukumar ilmi, kuma hukumar UBEC tana da shirin tallafa wa irin waɗannan kwamitoci don gyaran makarantunsu. Kujera ce doka ta ajiye muku. In kun ƙi zama, wani zai zauna da sunanku.

Sabo da haka ga abin da muke kira a yi, ba ya kuwa bukatar jari. Wanda iyalinsa ke Zuba, ko Funtuwa, ko Illela, ya karɓi lambar malamin ajin ɗansa da ta hedimasta. Wayar da yake tambayar farashin albasa da ita kowace safiya ba za ta ƙone ba don ya tambayi karatun ɗansa sau ɗaya a wata. Ya wakilta uwar yara ko ƙanensa su halarci taro, ya kuma bar ta ta yi magana, gama ita ce mai ɗaki, ita ta san inda yake yoyo. In ya zo gida hutun Salla ko aikin damina, ya taka da ƙafarsa ya ga ajin, ya ga ko akwai rufi da benci da makewayi, ya ɗauki littafi ya ce yaro ya karanta masa. Ko shi bai yi boko ba, kunne ya san mai karatu da mai kame-kame. Kada kuma a ware 'ya mace daga wannan bincike, don ita ake fara cirewa in gida ya shiga matsi.

Wanda 'ya'yansa ke tare da shi a Kudu kuwa, ya sa su makarantar unguwa, ya je taro ya zauna sahun gaba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, ku da kuke iya tara jama'a cikin dare ɗaya in rikici ya tashi, ku rubuta sunan kowane yaro da ke zangonku wanda ya isa shiga makaranta, ku san wanda ke zuwa da wanda ke tura baro. Ku keɓe wani abu daga kuɗin ƙungiya don littattafan marayu, ku tura wakili cikin kwamitin kowace makarantar da 'ya'yanmu ke ciki. Limamai da malaman Islamiyya su daidaita lokacinsu da na boko, yadda yaro zai sami duka biyu. 'Yan Ansar-ud-Deen sun gwada haka shekara 100 da suka wuce, addininsu bai ragu ba.

Malamai kuma ku karɓi iyaye hannu biyu. Uban da ya zo da rigar kasuwa, bai iya Turanci ba, kada a bar shi tsaye bakin ƙofa ana yi masa kallon raini. A yi taro da harshen da mutane ke ji, a sa shi ranar da ba ta kasuwa ba. Ranar da aka hana ku albashi, waɗannan iyaye su ne rundunarku. Shugaban ƙaramar hukuma yana iya yin kunnen ƙashi da malamai na wata 3, amma ba zai iya da iyayen da ke riƙe da ƙuri'ar da ta ɗora shi kan kujera ba, in sun zo masa da baki ɗaya.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai shekara 10 bai iya karanta sunansa ba, da wuya ya kamo sa'o'insa, kuma shi ne gobe zai hau motar shanu ta Zuba ya gangaro Kudu, ya gaji dakon da ubansa ya yi. Mun bar gida, mun jure ruwa da sauro da gorin baƙunci, duk muna cewa don 'ya'yanmu muke yi. In haka ne, a gan mu ranar taron makarantarsu. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.