Yadda nake auna teburin mai shayi

1/ A Ingila mashaya ake ba maki: giya, abinci, tarba. Mu a Gumel teburin mai shayi ne majalisarmu, shi za mu auna.

2/ Shayi mai kauri ba gwaninta ba ce, kuɗinka ne ya zuba madara. Fara leƙa robar wanke kofi. Ruwa ɗaya tun asuba har ya koma kalar kunu? Wallahi ko Indomie ɗinsa ta kai me, na wuce.

3/ Babban gwajin kuwa ranar Alhamis ne, kasuwar Maigatari ta cika. Kai da kuɗin ruwan bunu, dillalin shanu da na ƙwai biyar, kuma ka riga shi zuwa. Wa aka fara miƙa wa?

4/ In kai ne, zauna nan, ko da bencin na rawa.