Yawan Ambaton Bincike Da Darasin Cutar Noma A Sakkwato

Duk shekara idan aka fitar da jerin Stanford da Elsevier na kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi ambaton bincikensu a duniya, jami'o'inmu kan ɓarke da murna. Ma'aunin ya fi dogara ne kan sau nawa sauran masana suka kafa hujja da maƙalun mutum.

Sai dai wannan awo na iya tauye mai bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Gawon Nama, domin ambato na bin yawan masu nazarin cuta ne. Dubbai sun yi rubutu kan korona, amma ƙalilan ne suka duƙufa kan noma, cutar da ke cinye fuskar yara masu tamowa, ta kuma kashe kusan 9 cikin 10 idan babu magani.

Duk da haka, rubuce-rubucen irin su Farfesa Cyril Enwonwu, har da maƙalarsa ta mujallar Lancet a 2006, da aikin Asibitin Noma na Sakkwato tun 1999, na cikin abin da ya share fage. Nijeriya ta jagoranci neman, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Don haka wajen ƙarin girma da rabon tallafin TETFund, ya kamata a duba cutar da bincike ya tunkara da manufar da ya sauya, kafin a ƙirga ambato. In ba haka ba, matasan likitoci za su guji cututtukan talakawa.