MASU GUDUN TUWO DA MASU NEMANSA

Wani sabon salo ya shigo ofisoshin gwamnati da manyan makarantu na Jihar Kano, watau ƙaurace wa tuwo da shinkafa da burodi da duk wani abinci mai sitaci da sunan rage ƙiba. Ma'aikacin da a da ba ya iya barci sai ya taɓa tuwon dawa da miyar kuka, yanzu sai a ji yana cewa shi "kito" yake yi, ba ya cin kome sai ƙwai da nama da kifi da ganye. Salon ya faro ne daga birni ta hanyar wayar hannu, amma ga shi har ya fara leƙa garuruwa irin su Rano da Kibiya, inda rabin hirar ofis kan kasance a kan farashin taki da kuma abin da aka samu a gona.

Ba shakka damuwar da ta kawo wannan salo ta gaskiya ce. Duk wanda ya zauna a layin ganin likita a Babban Asibitin Rano, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya san yadda hawan jini da ciwon sukari suka zama ruwan dare tsakanin magidanta masu shekaru arba'in zuwa sama. An daɗe ana ɗaukar tumbi alamar samu, ana yi wa wanda ya ajiye shi barka da hutu. Idan yau ma'aikata sun fara ganin teɓa a matsayin abin tsoro, wannan ci gaba ne. To amma fa gane ciwo daban, gane magani daban, kuma akwai alamar cewa an kama wanda ba shi ne ɓarawon ba.

Da farko dai, abin ba sabo ba ne. Cikin 1863 wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya rage ƙibarsa da barin burodi da sukari da dankali. Cikin 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abincin da ake kira kito, kuma ba don masu ƙiba ya tsara shi ba, sai don yara masu farfaɗiya. Cikin 1972 kuma Dokta Robert Atkins ya sake fito da maganar a wani littafi da aka sayar da miliyoyinsa. Watau abin da ake yayi a Kano yau ya yi tashe ya kwanta sau da dama a ƙasashen da ya fito, ƙibar kuwa ba ta bar su ba.

Abin da ke ruɗin jama'a shi ne makon farko. Mutum ya bar tuwo kwana bakwai, ya hau ma'auni ya ga kilo biyu ko uku sun tafi, sai ya yi ta shela. Masana sun san dalili. Jiki yana ajiye sitaci kimanin rabin kilo a hanta da tsokoki don ko-ta-kwana, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Da zarar an daina cin sitaci sai jiki ya cinye ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari. Mafi yawan abin da ma'auni ya nuna a wannan mako ruwa ne, ranar da aka koma cin tuwo kuwa sai ya dawo mazauninsa. Kitse ba ya tafiya da irin wannan sauri. Yana raguwa ne kawai idan abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ke shiga cikinsa, kuma a daɗe a haka.

Adalci ne a faɗi inda salon ke da amfani. Nama da ƙwai da wake suna riƙe ciki fiye da burodi, saboda haka wanda ya yawaita su yakan rage ci ba tare da ya lura ba. Har wa yau, mai ciwon sukari da ya rage sitaci yakan ga sukarinsa ya sauka. Amma da aka zo gwaji na tsanaki, fifikon bai fito ba. Cikin 2018 Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da sakamakon wani bincike a kan mutum 609, waɗanda aka raba gida biyu har tsawon shekara guda: wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo. Masu rage sitaci sun zubar da kilo 6 a kan matsakaici, masu rage maiƙo kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. A kowane ɓangare an sami wanda ya rame sosai, an kuma sami wanda ya ƙara ƙiba. Abin da aka hori ɓangarorin biyu da shi iri ɗaya ne: su rage sukari da garin fulawa, su yawaita ganye, su dafa a gida.

Babbar maganar da masu tallan salon ba su cika ambata ba ita ce yunwa. Cikin 1944 da 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya gwada samari 36 da suka ba da kansu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24. Sun zubar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu, amma abin da ya same su ya wuce rama. Jikinsu ya rage ƙona abinci, suka riƙa jin sanyi da kasala da saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suke yi suna lashe kwano. Da aka sake su kuwa, sai suka yi ta ci ba ƙoshi na tsawon watanni. Daga baya aka gano sinadaran da ke wannan aiki: leptin cikin 1994, wanda kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don sanar da ita yawan ajiya, da ghrelin cikin 1999, wanda ciki ke fitarwa don neman abinci. Wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostareliya, aka buga cikin 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan mutum ya rage ƙiba da ƙarfin tsiya, waɗannan sinadarai ba su koma daidai ba, yunwarsa kuma tana nan sama da ta da.

Ma'anar wannan ita ce jiki ba ya bambanta ma'aikacin da ke gudun tumbi da manomin da fari ya cinye wa gona. Duk wanda ya matsa masa, sai ya ɗauka shekarar yunwa ce ta zo, ya ƙanƙame abin da yake da shi. Shi ya sa wanda ya rame cikin wata biyu yakan koma yadda yake cikin shekara, har da ƙari, sa'an nan ya zauna yana zargin kansa da rashin ƙoƙari. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Tsarin da mutum ba zai iya riƙe shi shekara goma ba, ba magani ba ne, wahala ce ta ɗan lokaci.

A nan ne maganar ta dawo gida. Rano, Autan Bawo, da maƙwabciyarta Kibiya ƙasar noma ce: dawa da gero da masara da wake da gyaɗa. A ƙauyukan Rurum da Lausu da Tarai da Durba, yunwar da aka sani ba ta zaɓi ba ce. Ita ce ta tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, aikin gona kuma ya kai maƙura. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba. Na baya-bayan nan kuwa, bayan janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 daga cikin 100 a tsakiyar 2024. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A irin wannan ƙasa, a ce wa jama'a hatsi guba ne, nama da ƙwai su ne abinci, magana ce da ba ta san farashin kilon nama ba. Magidancin da ya juya rabin kuɗin cefane zuwa nasa kwanon na musamman, daga kwanon yara ya ɗebo.

Wani zai ce ai masu ƙiba daban, masu tamowa daban. Ilimin zamani bai yarda da wannan rabon ba. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, yunwa mai tsanani ta afka wa yammacin ƙasar Holan. Likitoci sun bi sawun yaran da ke cikin uwayensu a lokacin har suka manyanta, suka tarar cewa ƙiba da matsalar sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan shirya wa rashi, in ya faɗa cikin wadata daga baya sai shirin ya zame masa cuta. Yaron da ya tsumbure a ƙauyen Kibiya bana, in Allah ya raya shi ya yi karatu ya sami kujera, shi ne zai fi saurin kamuwa da ciwon sukari nan da shekara talatin. Ma'aikata da yawa da ke fama da tumbi yau, da za su waiwaya, daga irin wannan gida suka fito.

To, in ba tuwo ba ne, me ya canja? Kakanni sun ci tuwo safe da dare, amma sun ci shi ne da fartanya a kafaɗa, suna tafiya kasuwa a ƙasa. Jikansu yana karyawa da shayi mai cokali huɗu na sukari da rabin burodi, ya hau babur zuwa ofis, ya zauna har azahar, ya ci farar shinkafa ko taliya da mai, ya kora da lemon kwalba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure ya mai da shinkafa abincin yau da kullum, wadda a da sai ranar salla ko suna. Wannan alheri ne babba, sai dai shinkafar da aka goge ta yi fes ta rabu da dusarta, hatsin da aka surfe shi fiye da kima aka niƙa luƙui shi ma haka. Kwalbar lemo mai rabin lita kuwa tana iya ɗauke da sukari cokalin shayi goma sha biyu, watau iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba kada ya wuce a yini ɗungum, a ƙa'idarta ta 2015. Cikin 2019 wani gwaji a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka ya nuna cewa mutum 20 da aka ba su abincin kamfani suka ci son ransu sun riƙa cin kalori kusan 500 a rana fiye da lokacin da aka ba su abincin da ba a sarrafa ba, alhali an daidaita sitaci da maiƙon da aka ajiye musu a duka biyun.

Abin mamaki, a daidai lokacin da 'yan boko ke kunyar gero, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don girmama shi. Wannan ba ya nufin malmala uku lafiya ce ga mai zaman kujera. Tuwo sitaci ne, yawansa yana ɗaga sukari. Gyaran dai a ma'auni yake: malmala ɗaya maimakon biyu, miya mai yawan ganye da ƙarancin mai, wake da awara da ƙuli-ƙuli da nono, dambun zogale da kwaɗon rama, fura ba tare da tarin sukari ba, da tafiya a ƙasa rabin sa'a kowace rana. Duk waɗannan suna cikin kasuwar Rano, kuma ba su fi ƙarfin ɗan mataki na shida ba. Koyarwar addini ta raba ciki gida uku, abinci da ruwa da numfashi, ta riga Banting da shekaru fiye da dubu.

Akwai kuma waɗanda salon ke iya halakawa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, in ya yanke sitaci dare ɗaya ba da sanin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shayarwa, ba nasu ba ne sam. Haka ɗalibai mata da ke kwana da yunwa ko shan shayin rage ƙiba da ba a san abin da ke cikinsa ba. Da yawan irin wannan shayi maganin sa gudawa ne kawai aka canja wa suna, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya, ɗakin jarrabawa ba ya karɓar uzurin jiri. Wanda ƙibarsa ta kai ga cuta, hanyarsa asibiti ce. Binciken da aka yi a Birtaniya aka buga cikin 2017 ya nuna cewa kusan rabin masu ciwon sukari da aka rage musu nauyi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sun kai shekara sukarinsu na daidai ba tare da magani ba.

Jaridar nan na kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ta sa awon jini da na sukari da na ƙugu cikin ayyukan yau da kullum na ƙananan asibitocin Rano da Kibiya, ta kuma kai shi sakatariyoyi sau biyu a shekara, domin mutane da yawa ba su san suna da ciwon ba sai ya kayar da su. Gidajen rediyo su ba ƙwararru a fannin abinci fili kamar yadda suke ba masu tallan magani. Harajin Naira 10 a kan kowace litar lemo da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, ya dace a ga amfaninsa a asibitocin karkara. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin biyu, tare da masarautar Rano da malaman gona, su tsaya a kan abincin mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyu, musamman daga Yuli zuwa Satumba kafin sabon gero ya shigo.